Wata Uku a Hannun Kawu

Ina shekara shida Baba ya tafi Bawku duba malaminsa da ke jinya. Lokacin yaƙin Turawa ne, mota ta yi wuya, tafiyar da aka ce ta sati uku ta koma wata uku. Makarantarsa a zauren gidanmu take, nan Yendi. Manyan ɗalibai ya ba su abin da za su maimaita. Mu ƙanana, mu tara, sai aka rasa yadda za a yi da mu.

Kawu, ƙanin Inna, ya zo daga Salaga da goro, jakunansa biyu sun gurɗe, yana zaman jira. Ya ce, "Haba Malam, waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Wanda ya sauke Alƙur'ani ai ba zai kasa da su ba. Je ka abinka."

Ya sauke kam, ba ƙarya. Amma bai taɓa koyar da ko akuya ba.

Muna babbaƙu a lokacin, wato sanin haruffa ɗaya-ɗaya kafin a sa musu wasali. Baba yakan kama yatsan yaro ya ɗora kan harafi, ya yini a kan guda biyu. Kawu ina! Mutumin da ya saba ƙirga goro biyar-biyar? Ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya rera layin gaba ɗaya, mu kuwa mu ɗauka da ƙarfi har matan Dagomba masu wucewa da doya su tsaya suna mana dariya. Allunanmu na kan cinya, wani a karkace, wani a kife. Ni nawa inuwa nake yi da shi.

Wallahi daɗi muka ji. Cikin wata biyu na haddace komai. Kawu ya shiga cikin gida yana baza riga: "Yaya, 'yarki ta gama babbaƙu! Abin da mijinki ke jan shekara a kai!"

A gidanmu, yaron da ya gama babbaƙu ana soya masa masa a raba wa maƙwabta. Ranar da Baba ya dawo Inna ta jiƙa gero. Washegari aka ɗaura mini sabon zane, ƙawayena suka cika ƙofa. Abu ɗaya ya rage, Baba ya saurare ni ya ce na wuce.

Na karanta tiryan-tiryan, ko numfashi ban ja ba. Kawu na gyaɗa kai. Baba kuwa ya sa yatsa a tsakiyar allon.

"Wannan fa?"

Na koma farko da waƙata.

"A'a, uwata. Wannan kaɗai."

Na dubi abin. Wani ɗan ƙugiya ne baƙi, ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Na dubi Kawu, shi kuma ya dubi rufin zaure.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mutumin Salaga, da ma manyan na bar maka. Su in ka kauce za su ja rigarka. Waɗannan duk abin da ka ba su haɗiyewa suke yi."

Kawu ya ce, "To ai murya dai sun samu, Malam." Da azahar ya tafi duba jakunansa, bai dawo ba sai magariba.

Masa an riga an soya, aka raba a matsayin sadakar dawowar Baba lafiya. Ni aka wanke allona a gaban ƙawayena. Na yi kuka har da majina, na ji haushin Baba, na ji haushin Kawu, na tsani sabon zanen.

Da safe Baba ya sallami manya su yi tilawa, ya zauna a ƙasa cikinmu. Ya rubuta harafi ɗaya tal a allona, ya kama yatsana ya ɗora a kai.

"Mene ne wannan?"

Na buɗe baki zan rera, sai na rufe. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "Madalla. Yanzu sai mu fara."