Kawu Isaka Ba Ya Ɓalle Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Isaka a unguwar Aboabo ya san abin da yake yi idan kwamfuta ta ƙi karɓar sabuwar manhaja, ta rubuto cewa a kulle take, wani aiki na ciki. Sai ya cire tabarau, ya ce wa allon, "To, a fito lafiya," ya jawo kofin kokonsa. Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa da ke aiki da shi, ina tsaye ina tsuma kamar mai jin fitsari a cikin trotro, motar haya.

Tsofaffin kwamfutoci yake gyarawa ya zuba musu manhajar Linux, don Kawu ba ya sayen abin da ake samu kyauta. Komai ya koya mini, abu guda ya hana ni: kalmar sirrin babbar kwamfutar shagon, wadda sai da ita ake sa manhaja ko a cire. Na yi aure, na haihu, amma kullum sai na ce, "Kawu, zo ka danna mini." A gaban kwastoma! Abin yana ci mini rai ƙwarai.

"Yaushe za ka ba ni?"

"Ran da ƙafarka ta daina rawa."

Wata rana na gaji, na ce, "Kawu, fayil ɗin kullen nan fa gogewa ake yi a wuce."

Ya ce, "Chale," wato aboki, "a gidanku in ka ga tawul a ƙofar bayi, ɓallewa kake yi? Mai sabunta manhajoji ne a ciki yana wanka. Ka afka masa da sabulu a ido, shi ya fito tsirara, kai ba ka yi wankan ba."

Ai kuwa sai ga Kofi, mai shagon buga takardu a Sofoline, ya sauko daga babur rungume da kwamfutarsa. Ya goge kullen ana tsakiyar sabuntawa, ta ƙi tashi.

"Masa, maigida, mepaakyew, don Allah taimaka! Mutane na jirana da yawa paa!"

Kawu ya ce, "Ka yi sallama kafin ka shiga?"

Kawu ya karɓe masa waya, ya zaunar da shi a benci, ya sa shi kallon allon har manhajojin da suka tsaya rabi suka kammala. Kofi ya ce wane irin hukunci ne wannan. Kawu ya ce, "Ita ta warke tun ɗazu. Kai muke gyarawa."

Ba wai bai taɓa cire kulle ba. In dumso ya ɗauke wuta ana cikin aiki, kullen kan zauna ba kowa a ciki. Amma sai ya fara bincika wane aiki ke riƙe da shi. Haka ya yi a gidanmu na Zango ran da aka manta tawul a ƙofar bayi. Layi ya taru, kowa da bokiti. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya yi gyaran murya, ya duƙa ya leƙa ta ƙasa.

"Akwai ƙafa."

Na ce, "Kawu, akuyar maƙwabciyarmu ce!"

"Huɗu ce, amma ƙafa ce."

Da ciwo ya kama Kawu, bai daɗe ba ya rasu. A asibiti maganar kalmar sirrin ta zo mini baki, kunya ta sa na haɗiye. Bayan sadakar bakwai na buɗe shago, ga wata mata da aikin da ke buƙatar sabuwar manhaja. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Don takaici na buga tawa. Ta karɓa! Na duba, ashe tun tuni ya sa sunana cikin masu izini, bai ce uffan ba.

Ina dannawa ta ce a kulle take. Hannuna ya kama hanyar gogewa, na tsaya na bincika. Aikin sabuntawa ne da ya tsara yana tashi da kansa, ga sunansa a jiki, isaka.

Na zauna. Na ce, "Hajiya, yi haƙuri, akwai mutum a ciki." Sai hawaye.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa.