Bikon Shanu a Bakin Dajin Falgore

Na fito daga gida ranar Talata bayan sallar Asuba, kaka ta kusa ƙarewa. Ƙungiyar manoman ƙauyenmu da ke ƙasar Bebeji ce ta aike ni, don ni ne shugabanta. Ga dalili: ƙasarmu ta gaji, masara sai ja da baya take yi, takin zamani kuwa ya fi ƙarfin yawancinmu. A da shanun Arɗo Julɗe kan sauka gonakinmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Tun da aka nome burtali aka yi rigima suka ɗauke ƙafa. Muka zauna muka yanke shawara: na farko a buɗe burtali, na biyu a daina ƙona kara, na uku a je a dawo da Arɗo. In bai zo da ranin nan ba, baɗi ma rumbunanmu ba za su cika ba.

Kwanar Dangora

Ɗan acaɓa ya kai ni bakin titi, na shiga motar da ta sauke ni Kwanar Dangora rana na fitowa. Na sha shayi da ƙosai a tsaye, don mai zama a tasha shi mota ke bari. Motar Tudun Wada ƙarama ce, aka cusa mu huɗu a baya.

Direba ya ce, "Baba, fatauci ko ziyara?" Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya ya ce, "Ashe biko za ka. Ina goron?"

Na ce, "Yana aljihu. Kai dai dubi hanya."

Wani fasinja daga Ɗansoshiya ya ce su bara takin tallafi ya iso musu bayan masara ta yi goyo. Na ce masa tallafi alheri ne in ya zo kan lokaci, amma duk tsarin da za a yi wa noma, sai an fara ciyar da ƙasar kanta. Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu, suka leƙa but ɗin bayan motar, suka ɗaga mana hannu.

Tudun Wada

Na sauka gidan Alhaji Ɗanlami, dillalin shanu, tsohon abokina, wanda ya san rugar Arɗo. Sai da La'asar ya dawo daga kasuwa, ya ce ba a dosar bakin daji da yamma, sai gobe. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Muna ci ya ce, "Malam Iro, na san halinka. Can ba taron ƙungiya ba ne. Ka ajiye na-farko-na-biyunka a nan, in mun dawo ka ɗauka."

Na ce, "Tsari bai taɓa cutar da kowa ba."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Falgore

Da hantsi muka shiga motar Doguwa, muka sauka Falgore, daga nan babura suka bi da mu hanyar daji mai yashi da kwazazzabai har rugar Arɗo. Arɗo dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Ya ce, "Jaɓɓama," wato sannu da zuwa da Fulatanci, aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura da nono. Gaisuwa ta yi tsawo, na daure.

Da na miƙa goro sai na kawo maganata bi da bi. Yana saurare yana gyaɗa kai. Ganin haka na ce, "To, Arɗo, shanun nawa ne? Don in san yadda zan raba su ga gonaki."

Arɗo ya dubi ƙasa ya ce, "Na Allah ne, shi ya san adadinsu." Ya miƙe, ya ce bari ya duba wani maraƙi.

Alhaji Ɗanlami ya matso ya ce, "Ka ga irinta ko? Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Gani yake baki zai kama su. Da ni kaɗai ne da tuni mun gama."

Muka yi ta zama har inuwa ta gusa daga kanmu. Da Arɗo ya dawo na ce, "Arɗo, na yi tambayar da ba tawa ba, a gafarce ni. Gonaki namu, shanu naka. Kai za ka raba su."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai ka ƙirga gonaki, Malam. Su ba sa ciwo, ba sa ɓata." Sannan ya shiga nasa tambayoyin. Burtalin zai ɗauki garke ba tare da an matse shi ba? Ina za su sha ruwa? In saniya ta faɗa waken da ba a gama roro ba, wa zai yi hukunci?

Na ce burtali zai koma iyakarsa ta da, rafi na nan, ɓarna kuwa dattawa biyu daga wajenmu, biyu daga wajensu, su za su zauna a kanta.

Ya ce, "Baki ya faɗa, saura ƙafa ta gani. Ran Juma'a ƙanena Bello zai zo ya taka burtalin tun daga farko har rafi. In ya ga hayaƙi a gona ko ɗaya, zai juyo."

Komawa gida

Na sake kwana a Tudun Wada, ranar Alhamis na bi hanyar da na zo. Na isa ƙauye da La'asar, ban ko shiga gida ba, don daga kan babur na hango maƙwabcina Sale ya tara kara tsakiyar gonarsa, da ashana a hannu.

Na ce, "Sale, mayar da ita aljihu."

Ya ce, "Shugaba, macizai nake gudu."

Na ce, "Kofaton shanu zai kore su. Ka kunna, ka ƙona takin gari duka." Ya yi ƙunƙuni ya mayar. Bayan Magariba na sanar a masallaci kada kowa ya ƙona kara, washegari da sassafe muka fita da sanduna muka kafa iyakar burtali.

Bello ya zo bayan Juma'a, ya taka burtalin har rafi, ya tsaya ya dubi gonaki, ya ce, "Madalla." Mako na zagayowa muka ji kukan shanu daga kudu. Ban ƙirga su ba.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Ɗanlami da iyalinsa, da Arɗo Julɗe da ya haƙura da bakina.