Kalmasar Baki Huɗu

A shekarata ta farko a aikin kwastan aka tura ni iyakar Jibiya, can shingen Magama. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya sayi babur da rediyo, manyan motoci kuwa ba sa yankewa daga Maraɗi. Gwamnati ta hana shigo da yadi don masaƙunmu na gida su samu ciniki. Ni kuma sabon shiga ne, na haddace littafin kuɗin fito kaf, kuma ina so ƙwarai a san na haddace shi.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, shugabanmu ya tafi hutu ya bar mini teburin. Wani dattijo ya sauko daga akori-kura da ƙunshi a kafaɗa. Na ce ya kwance, ya kwance. Ban taɓa ganin irin abin ba: yadi biyu ne aka haɗa, aka shimfiɗa auduga a tsakani, aka bi da ɗinki gida-gida. Tsawonsa bai fi kamu shida ba, ga laushi. Daga bandir aka yanko shi, audugar tana leƙowa ta gefe.

"Baba, wannan mene ne?"

"Abin kwanciya ne, ɗana. Mai ɗakina ce ɓarin jikinta ya shanye, wata biyar tana kwance. Tabarma ta hwara cin bayanta, katihwar soso kau zahi gare ta, kuma ba ta wankuwa. Shi ya sa na tahi Maraɗi na samo mata wanga."

Na ji abin da ya ce sarai, ba zan ce ban ji ba. Amma idona yana kan littafi. A littafin, yadi yana da lambarsa, bargo da kayan shimfiɗa suna da tasu, auduga ma da tata, ga abu ɗaya ya haɗa duka ukun. Ƙa'idar kuwa ta ce abin da aka kalmashe bakinsa ya zama ɗinkakken kaya, wanda ba a kalmashe ba yana nan a yadi. Yadi kuma an hana.

"Su duwan can ba su ce mini komi ba," in ji shi, yana nufin kwastan ɗin Nijar.

Na ce masa nan Nijeriya ce. Har yau ina jin kunyar muryar da na faɗi haka da ita. Daga baya na ɗan sassauta, a ganina ina kyauta masa, na ce ba zan ƙwace ba, zan dai riƙe in tambayi babban ofishi ajin da kayan ya faɗa. Na sa almakashi na yanki kusurwa ɗaya don samfur, na rubuta wasiƙa shafi biyu da Turancin da na sha wahalar gyarawa. Na ji daɗin wasiƙar nan ba kaɗan ba.

Dattijon daga Daddara yake. Duk Lahadi sai ya zo, ya yi sallama, ya tsuguna a gindin dalbejiyar ofis har in ga dama in ɗago kai. In ce amsa ba ta zo ba, ya ce Allah ya kawo ta, ya tashi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi, don da na samu abin fakewa.

A mako na huɗu shugabanmu ya dawo. Mutum ne mai ƙiba da barkwanci, ya kusa ritaya. Ya ga ƙunshin a kan kabad, na ba shi labari ina jiran yabo. Ya juya abin, ya shafa gefensa, sannan ya jawo ni bakin taga.

"Malam mai littafi, me ka hango a ƙarƙashin rumfar can?"

"Tela ne, ranka ya daɗe."

"To minti nawa zai ɗauka ya kalmashe baki huɗu? Da ka ce wa tsohon nan ya je a kalmashe ya dawo, me zai zama?"

Na san amsar. Bargo zai zama, guda ɗaya na amfanin gida, ya wuce ba tare da an karya ko layi ɗaya na doka ba. Ƙa'idar da na tare shi da ita, ita ce za ta buɗe masa hanya. Na san ta fiye da shugaban nawa, sai dai ban taɓa tunanin littafin yana da wani amfani ban da tare mutane ba.

A ranar na kai wa telan, ya gyara kusurwar da na yanka, ya kalmashe. Washegari na ɗaura a bayan babur na nufi Daddara, ina tambaya har aka nuna mini gidan. Dattijon ya fito sanye da taguwa, ya yi mini maraba kamar wani baƙon arziki, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce in shigo in gaishe da mai ɗakin nasa.

Tana kwance a gefe ɗaya, ba ta iya kwanciya da baya, ɗakin yana warin ciwo da magani. Abin da ke ƙarƙashinta na zuba wa ido. Babbar riga ce, ga aikin wuyan nan a fili, an ninka ta biyu, an cusa audugar gona, an bi da ɗinkin hannu manya-manya, a karkace. Da ya ga ina kallo sai ya ce rigarsa ta Juma'a ce, shi ya ɗinka da ya ga jiran ya yi tsawo.

Na miƙa masa bargon ina ba shi haƙuri. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya shafa kalmasar ya ce telan ya iya aiki. Na ce bari in taimaka a ɗaga ta a shimfiɗa mata.

"A'a ɗana, bar ta," in ji shi a hankali. "Bayan ya riga ya buɗe. Yanzu ko taɓa ta anka yi sai ta yi kuka."

Ya ninke bargon ya ɗora a kan akwati.