Ƙwarin Lambun Kawu da Kifin Inna

Har in mutu ba zan manta da ranar da aka tsoma ni cikin rigimar kifi ba, ni da ba masunci ba, ba kuma mai sayar da kifi ba. Laifina ɗaya ne, ina da babur. A danginmu in kana da babur, to ka zama motar gwamnati, kowa ya ga dama ya hau.

Inna yayar mahaifiyata ce, tana zaune a Dutsin-Ma. Ɗanta guda ɗaya ne, ɗan boko na gaske, ba irina ba da na yi sallama da makaranta tun a tsakiyar hanya. Da zai tafi bautar ƙasa can kudu, sai ya bar mata akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu 'yan kifaye masu launi, da ɗan inji mai hura masu iska. Kifin kallo ne, ba na miya ba, ko ka soya su duka ba su kai loma guda. Ya ce, "Inna, ga amana." Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Da hantsi takan jawo tabarma gaban gilashin tana yi masu hira, musamman wani ja mai dogon wutsiya, wanda ta ce shi ya fi kama da ɗanta wajen yanga.

Sai abincinsu ya ƙare, wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero da ake sayowa daga Katsina. Wanda aka ba saƙo bai dawo ba, kifaye suna ta buɗe baki a saman ruwa, Inna ta kasa cin tuwo. Ana haka sai ga Kawu, ƙanenta, daga Rawayau. Tsoho ne da furfura, amma har yau Auta take ce mashi.

"Yaya, wanga abu ne ya hana ki sukuni?" in ji shi. "Kifin dam wa ke kawo mashi abinci daga Katsina? Ƙwari yake ci. Ga su nan sun dame ni a lambu. Kai mai babur, tada shi mu tafi."

Na ce, "Kawu, waɗannan fa 'yan gayu ne, ko ruwan randa ba su sha sai an tace."

Ya ce in rufe mashi baki in yi tuƙi.

Lambunshi yana gefen ruwa, tumatir da tattasai sun yi kyau abin sha'awa. Abin da na fara lura da shi, ƙwarin ba su gudu. Ni na san irin waɗannan ƙwari masu ƙwarya a baya, muna yara sai mun yi ta tsalle kafin mu kama ɗaya. Amma ranar ga su nan a ƙarƙashin ganye, wasu sun kwanta rigingine suna ɗan motsa ƙafa. Kawu yana tsinta kamar mai tsintar gyaɗa yana zubawa cikin gwangwanin madara, yana cewa Allah ya kawo sauƙi.

Na ɗauki ɗaya na duba, da na shinshina hannuna sai na ji wani wari mai hawa kai. Na ce, "Kawu, yaushe ka yi feshi?"

"Jiya da marece. Ai raɓa ta wanke."

"To su waɗannan barci suke ko suma?"

"Ƙoshi ne," in ji shi. "Sun cinye mini ganye, dole su kwanta."

Muna isa gida na nufi madafa in shaida wa Inna zancen feshin. Kafin mu fito, Kawu ya riga ya murƙushe wasu da bayan cokali ya watsa cikin ruwa, don ya ba yayarshi mamaki. Sauran kifayen suka ɗan taɓa suka kauce. Jan nan kuwa, da yake shi ne mai ƙarfi, ya ture kowa ya ci ya more.

Ba a jima ba ya fara iyo a karkace. Ya hau sama, ya faɗo, ya sake hawa. Inna ta dafa gilashi da hannu biyu tana cewa, "Kai, mi ya same ka? Tashi mana." Ban taɓa jin muryarta haka ba, sai raha ta gudu daga bakina. Na ɗauko matacin koko na kwashe sauran kifayen zuwa cikin roba, muka zubar da ruwan, muka wanke akwatin, muka sa sabo. Su sun tsira. Jan ya juya cikinshi sama, shi ke nan.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta naɗe shi a ƙyalle, ta ce in haƙa rami gindin zogale. Abin da ya fi damunta, da wane baki za ta faɗa wa ɗanta in ya kira waya.

Yanzu da na ƙara shekaru, in na tuna sai in ga Kawu ba mugunta ya yi ba. Mu nan mun saba, kaza ta ci abin da ta samu, akuya ta ci, har muka ɗauka kowane ciki iri ɗaya ne. Kifin dam yana da ruwa faɗin gari, abin da bai so ya bar shi ya yi gaba. Na cikin gilashi ba shi da wurin gudu, abin da ka zuba mashi shi ne ƙaddararshi. Tun ranar na koyi cewa in abu yana hannunka, bai iya cewa a'a, to kai ne za ka yi tambayar a madadinshi. Kuma in na ga abu ya zo da sauƙi fiye da yadda na san shi, sai na tsaya na duba mi ya kwantar da shi.

Kawu dai bai yarda ba. Bayan azahar yana zaune a zaure yana ta kare kanshi. Wai kifin dama ragon ciki gare shi, wai kwananshi ne ya ƙare, wai maganin feshin ma na bana ba shi da ƙarfi.

"Ni fa ina da tarwaɗa a tankin siminti bayan gida," in ji shi, "ba abin da ba su ci. Ƙwarin nan lafiyarsu lau, Yaya, na rantse."

Inna ta ɗauko gwangwanin da sauran ƙwarin a ciki, ta ajiye mashi a kan cinya.

"To madalla, Auta. Ga su, kai wa naka. Yaron nan zai kai ka a babur, ya tsaya ya ga ka zuba."