Jatau da Gyadar Hajiya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin daminar da ta biyo bayan ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikatan gwamnati a tsakiyar shekarun saba'in. Ina durƙushe a bayan gidanmu na GRA ina fama da tukunyar tuwon jiya, sai ga ƙawata Rahila rungume da keji, mahaifiyarta na biye da ita. Cikin kejin Jatau ne, akunsu mai launin toka da jar wutsiya, yana karkata kai yana leƙena da ido ɗaya. Su Rahila mutanen Filato ne, gidansu na jikin namu, mahaifinta Malam Bitrus kuma ofis ɗaya suke da Babanmu. Hutun makaranta ya zo, za su tafi gida, mota ta cika da yara da kaya, babu wurin tsuntsu. Da yake ni da Rahila benci ɗaya muke zama a aji, ni aka zaɓa.

"Dije, ga amana nan," in ji Maman Rahila bayan sun gama gaisawa da Ummanmu. "Gwanda, gwaba, ɗanyar masara, da ruwa mai kyau kullum. Gyada kuwa kaɗan, mai tsabta, wadda ba gishiri. Kada ki bari a ba shi goro, kada ki bari a ba shi gyadar da ta sha ruwa." Na amsa da ƙarfi, ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta. Da na san abin da ke tafe, da na ce a kai shi wani gidan.

Kwanakin farko lafiya lau muka yi. Da safe in na gama shara da wanke-wanke sai in wanke masa kwanon ruwa, in yanka gwanda, in rataye kejin a baranda inda iska ke kaɗawa. Shi kuma ya dinga biyana da surutu. Yana kwaikwayon ƙarar sabon babur ɗin maƙwabcinmu, da tarin Malam Bitrus, da wani guntun waƙar coci da ba ya taɓa ƙarasawa. Ƙawayena suka daina 'yar carafke a gindin dalbejiya, suka koma zaman baranda. Matsalata a lokacin ba ta wuce ƙannena ba, masu cusa masa biskit ta tsakanin ƙarafan keji, da abokan Baba da ke zuwa hira da yamma, kowa sai ya ɓantari goro ya miƙa masa don a yi dariya. Ƙannena dai ranƙwashi ya ishe su. Baƙin kuwa sai na koyi ɗauke kejin da zarar na ji sallama.

Ana nan sai ruwa ya yi gyara a cikin gari, soron kakarmu Hajiya, mahaifiyar Baba, ya fara yoyo a Ƙofar Durbi. Baba ya ɗauko ta ta zauna da mu kafin a yi yaɓe. Ta iso da tabarmarta da butarta da wani buhun gyadar bara, wanda ruwan ya riga ya taɓa gindinsa. Hajiya da gyada ta rayu. Da ita ta yi mai da ƙuli-ƙuli tun tana amarya, da ita ta ciyar da Baba har ya zama ma'aikaci, kuma ba ta da takaicin da ya wuce yadda mutane suka watsar da gona suka bi kuɗin man fetur. Tana ganin Jatau ta kwance bakin buhu.

Na durƙusa na faɗa mata abin da Maman Rahila ta ce, cikin ladabi iyakar iyawata. Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke Dije, mi kika sani? Gyadar da ta raini ubanki ita ce za ta kashe tsuntsu? Tahi ki ba ni wuri." Ta watsa masa cikin tafin hannu. Jatau kuwa, maras kunya, ya kama ɓawon da ƙafa ɗaya yana fasawa yana lumshe ido, ya tattara gwandata ya ture gefe.

Daga ranar na shiga uku. In na tafi makarantar allo da rana, na dawo in tarar da ƙasan keji cike da ɓawo. In na ɓoye kejin a ɗakinmu, sai ta aiki ƙanena ya fito mata da shi, wai ana zaluntar bawan Allah da kaɗaici. Wata rana ma soyayya ta yi mai gishiri, ta raba mana, ta ware wa Jatau kasonsa kamar jika. Na kai ƙara wurin Umma, ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta da bakin yi wa surukarta magana. Na kai wurin Baba, ya ninke jaridarsa ya ce, "Inna ce fa, Dije. Ki yi haƙuri." Kowa ya san gaskiyata, babu mai iya faɗa. In na matsa wa Hajiya da magiya sai ta jefo mini karin magana, wai "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Har wani ƙarin haushi, tsuntsun ya koyi kiran "Hajiya! Hajiya!" da zarar ya ji motsin buhu, ita kuma ta dinga ce wa baƙi ai shi yake roƙo.

Ba a daɗe ba Jatau ya yi shiru. Na fito da safe na tarar ya kumbura gashinsa, ya sauko daga sandarsa ya zauna a ƙasan keji, yana numfashi da ƙyar, wutsiyarsa na motsi sama da ƙasa. Kashinsa ya zama ruwa. Na kira sunansa, ko kai bai ɗaga ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne fuskar Rahila, wadda tun tana ƙarama ake kiwon tsuntsun nan a gidansu. Na zauna a baranda na fasa kuka, na ƙi koko, na ƙi wanke-wanke, na ce ba inda zan motsa. Hajiya ta leƙo ta yanke hukunci nan take, wai baki ne ya kama shi saboda yawan masu kallo, ta sa a kawo mata garwashi za ta yi masa hayaƙi. Ganin kasko na suri kejin na yi waje da gudu, na tsaya jikin motar Baba ina haki. Ina jin wannan gudun ne ya sa Baba ya ɗauki makulli.

A asibitin dabbobi muka sami wani matashin likita, wanda ya faɗa mana gaskiya cewa shanu da awaki ya fi sani. Ya duba Jatau, ya tambayi abin da yake ci. Na kwance bakin ɗankwalina, inda na ƙulle 'yar gyadar buhun. Ya fasa ɗaya, ya fasa ta biyu, ya nuna wa Baba cikinsu, ga wani kore-kore da baƙi-baƙi kamar toka. Ya ce gyadar da ta yi funfuna guba ce, tana taɓa hanta da huhu, ko mutum ba ta bari balle tsuntsu, gishiri da goro kuma ba abincinsa ba ne. Mai kyau ma, in ji shi, ɗan taɓawa ake ba aku, ba a mayar masa da ita tuwo. Ya ba mu wani magani na sa wa a ruwa, ya ce sauran sai kulawa da ikon Allah.

A hanya na ɗauka yau dai za a yi ta ta ƙare. Ina! Da muka isa Baba ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, likita ya ce a ɗan hutar da shi daga gyada." Shi ke nan. Hajiya ta taɓe baki ta ce likitocin zamani komai suka gani sai sun hana. Ni kuwa na daina yarda da kowa. Duk inda zan je da kejin nake tafiya, har makarantar allo, inda Malam ya yi dariya ya bar ni na rataye shi a reshen bishiya. Ina ɗura masa ruwa da ƙaramin cokali, ina matse masa gwanda a baki. A hankali ya fara ci da kansa, ya koma kan sandarsa, ko da yake muryarsa ta dushe. Wata rana na hango Hajiya ta shanya gyadar a tabarma, ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta tofar da sauri. Da yamma ta sa aka zubar da buhun a rami, ta ce wai ɓeraye sun shiga.

Da su Rahila suka dawo, na ja mahaifiyarta gefe na zayyana mata komai. Ta dubi Jatau da ya rame, ta shafa kaina. Sannan ta ɗauki tsarabar dankalin turawa da acca, ta je ta durƙusa gaban Hajiya ta yi doguwar gaisuwa, ta ce ta gode da ɗawainiyar da aka yi da tsuntsunsu. Ina tsaye ina jiran in ji ko da rabin kalmar ban haƙuri. Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ba komai, ɗiyata. Ya ba mu wahala kam, amma mun yi iya ƙoƙarinmu." Ta karɓe godiyar gaba ɗaya, har da dankalin. Ba don Rahila ta mintsine ni ba, da na mayar wa Hajiya magana, kuma da ranar na sha dukan da ban taɓa sha ba.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. In na ce ga yadda ake dafa abu ko ga maganin mura, kafin in rufe baki jikokina sun zaro waya sun duba, su karanta mini amsa ba tare da ko durƙusawa ba, kuma sau da yawa su ne da gaskiya. Da a ce haka ake a zamaninmu, da tsuntsu bai sha wuya ba, ni ma da ban sha ba. Amma gidan ya yi shiru, babu mai kafewa a kan magana har a kwana ana ja. Har gobe in na tuna Hajiya raina yakan ɓaci, sai dai da zan sami hali, da na so ta dawo mu ƙarasa musun.