Muryar da Gwaggo Talatu ta ji a masussuka

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, kuma har yau in aka ambace ta sai bakina ya buɗe ya tsaya. Kowane mamaci a gidanmu ana bin sunansa da "Allah ya jiƙansa". Ita kaɗai ake kiran sunanta a yi shiru, domin ta rasu tana Kirista.

Ina ƙarama abin ya faru. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu da damina, ta daina magana, ba ta cin komai sai ɗan kunu. Da kaka ta yi, matan ƙauyenmu da ke bayan Sandamu suka ja ta masussuka don kada ta yini a ɗaki ita kaɗai. Tana tsaye da ƙwarya a sama tana shiƙar gero, rana tsaka, sai ta ji an kira sunanta. Ta waiga, kowa na kan aikinsa. Ta ce nan take wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, jikinta ya yi sanyi, kuma ta san Yesu ne ya kira ta. Kafin wata kakar ta fara bin danginmu Maguzawa zuwa majami'a.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Babu wanda ya taɓa lafiyarta. Mijinta dai ya sake ta, Baba ya daina taka ƙofarta, aka daina aika mata tuwon suna.

Ina sakandare na je wurinta da hutu, kaina cike da karatu. Na tarar tana shiƙa.

"Gwaggo, mece ce hujjarki?"

"Ikon Allah! An kai ki boko kin dawo alƙali? Riƙe mini ƙwaryar nan."

"Da gaske nake. Yaya kika san shi ne?"

"Ɗiyata, in innarki ta kira ki daga bayan danga, shaidu kike nema?"

"Ai na saba da muryar Inna. Ke a ina kika taɓa jin tasa?"

Ta yi dariya har ƙaiƙayi ya shiga mata ido. Ta koma shiƙarta, ni kuma ban sake tambaya ba.

Abin da ya hana ni sukuni tun daga ranar shi ne labarin kakanmu, mahaifinta. Bamaguje ne. Ya kai akuya kasuwar Mai'adua, ya ji kiran sallar azahar, ya ce nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, jikinsa ya yi sanyi. Bai koma gida ba sai da ya karɓi kalmar shahada. Da wannan labarin aka raine mu, muna alfahari da shi. Uba da ɗiya, sanyi iri ɗaya, ya kai su ƙofofi biyu. Baba ya ce na kakanmu shiriya ce, nata ruɗin Shaiɗan ne. Ni Musulma ce, a kan haka nake fatan cikawa. Amma na lura Baba bai auna sanyin da kansa ba. Da abin da ya riga ya gaskata ya auna shi, kamar yadda mutanen majami'arta suka auna da nasu.

Yanzu waya ta cika da masu ba da irin wannan shaida, wannan ya shigo Musulunci, wancan ya fita, kowa da hawayensa, kowane ɓangare na tura nasa. Da tana raye ina jin kallo ɗaya za ta yi musu ta ce, "Su waɗannan wa ke yi musu shiƙa?"

Na tambayi malaminmu ko zan iya roƙa mata gafara. Ya ce ba a yi, in bar lamarinta ga Mahaliccinta. Na karɓa. Ban yi kuka ba, kamar yadda ban yi ba ranar da aka aiko ta cika.

Bara da kaka na koma masussukar. Na ɗaga ƙwarya, iska ta ɗebi ƙaiƙayi ta yi gabas da shi, tsaba ta zubo a gabana. Na daɗe a tsaye. Ban ji nauyi ba, ban ji sanyi ba, babu wanda ya kira ni sai wata mata da ke son ƙwaryarta.

A kotun shari'a ba a karɓar shaida sai a kan abin da mutum ya gani ko ya ji da kansa. Ban ji muryar ba, don haka ba ni da ta cewa a kanta. Abin da na gani shi ne mace da ta daina cin abinci ta dawo tana ci, ta yi shekaru tana dariya a gidan da dangi suka daina shiga. Wannan bai gaya mini wanda ya kira ta ba.

Jiya Inna ta ambace ta muna tankaɗe. Aka yi shirun da aka saba. Bakina ya buɗe, wannan karon bai tsaya ba.

"Allah ya san abin da ta ji," na ce.

Inna ba ta ce amin ba, ba ta kuma hana ni ba. Ta miƙo mini rariya.