Malamar Da Ta Koya Wa Auta Cewa A'a

Ina da wani ɗan hali da matata ta gaji da yi mini gorinsa: ba na barin mutum ya ƙarasa maganarsa. Kafin ka kai rabi na riga na ƙarasa maka, kuma sau da yawa ba inda ka nufa ke nan ba. To, mai irin wannan hali ne yau zai yi jinjina ga matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jiran yara su ƙarasa tasu maganar. Idan akwai wanda ya fi ni cancanta, ya yi haƙuri, na riga shi kamar yadda na saba.

Malama Mai Almakashi ake ce mata, saboda wani ɗan almakashi da kullum ke rataye a wuyanta da baƙin zare. Ita ke riƙe da ajin ƙarshe na makarantar unguwarmu, can bayan ofis, kusa da famfo. Ajin yaran da ba sa magana ne, ko kuma suna yi ba a ganewa. Wasu shanyewar jiki ce ta riƙe musu harshe tun haihuwa, wasu kuwa harshen lafiyarsa lau, maganar ce dai ta ƙi zuwa. A watan jiya ta ajiye aiki.

Kafin mai gadi ya gama kurɓar shayinsa ta iso. Ta buɗe tagogi, ta jiƙa tsumma, ta bi allunan yara ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Kowane yaro da allonsa: kwali ne mai kauri, an liƙa masa hotuna a jere, ga ruwa, ga banɗaki, ga ciwo, ga gida, ga Mama. Yaro ya nuna abin da yake nufi da yatsa. Wanda yatsa ba ya yi wa biyayya ya nuna da dunƙulen hannu ko da haɓa. Wanda duk jikin ya ƙi, sai ta ɗaga masa wani farin gilashin roba mai hotuna a gefe-gefe, ta leƙo ta tsakiya tana karanta inda ƙwayar idonsa ta tsaya. Ba ta yarda da hoton kofin da aka zana a littafi ba. "Wannan kofin ɗan wani ne," in ji ta. "Ku kawo mini nasa, mai lotsattsen gindin nan, shi ya sani." Ta ɗauki hotonsa, ta wanko, ta yanka, ta rufe shi da leda, ta bi da dutsen guga ta bayan ƙyalle don kada yawu ya jiƙa shi. Duk wanda ya taɓa shiga gidanta ya san ba a samun wurin ajiye faranti a teburinta.

Amma ba yanka da liƙi ne sirrin aikinta ba. Idan ta yi wa yaro tambaya, sai ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Ta ce hannun babba ba shi da amana, kafin ka ankara ya nuna wa yaro amsa. Haka za ta zauna shiru, har wanda ke kallo ya fara jin ƙaiƙayi a maƙogwaro.

Ni ma na taɓa jin wannan ƙaiƙayin. Auta, 'yar ƙanwata, tana ajin, kuma wata rana ni na tura kekenta na guragu na kai ta. Malama ta tambaye ta, ruwa ko madara? Tun kafin hannun yarinyar ya tashi daga cinyarta na ce, "Ruwa take so."

Malama ko kallona ba ta yi ba. "Kawu, ka yi haƙuri, in an zo kanka kai ma za a ba ka."

Auta ta nuna madara.

Auta yarinya ce mai yawan murmushi, kuma murmushin ya so ya cuce ta. A gida duk abin da aka yi mata sai a ce, "Ai Auta ba ta da matsala." A sa mata rigar da aka ga dama, a juya kekenta ya fuskanci bango a manta, ba ta da matsala. Babanta direban babbar mota ne, mutum ne mai faɗin ƙirji da taushin zuciya, wanda idan ya dawo daga doguwar tafiya kafin ya cire takalmi sai ya ɗaga ta sama. Yana son ta kamar ransa. Bai dai taɓa tambayarta komai ba.

A nan ne ya ci karo da ƙa'idar Malama. Hoton farko da take liƙa wa kowane allo, a saman kusurwa inda hannu ya fi saurin kaiwa, jan kati ne mai nufin "a'a". Iyaye kan so a fara da "ina kwana" da "na gode", abin da za a nuna wa baƙi a ji daɗi. Ita kuwa cewa take, yaron da ba shi da hanyar cewa a'a, "eh" ɗinsa ba ta da daraja.

Auta ta kama jan katin nan kamar wadda ta daɗe tana bin sa bashi. Ta ce a'a ga riga mai ƙaiƙayi. Ta ce a'a ga gwaggon da ke jan kumatunta. Ranar da Kaka, mahaifiyar babanta, ta zo da baƙi, ta ɗebo abinci a cokali ta nufi bakinta, Auta ta ɗaga hannu ta buga jan katin har allon ya yi ƙara. Kaka ta ajiye cokali ta ce, "To, makaranta ta yi rana." Bayan baƙi sun watse, uban ya sa reza ya ɓamɓare katin.

A daidai wannan lokaci ne gadon bayan ƙanwata ya fara gazawa. A bene suke zaune, kuma ita ke goya Auta ta sauko da ita kowace safiya, ga yarinya ta fara nauyi. Kaka ta ce a ba ta ita ta tafi da ita can garinsu, gidan ƙasa ne, ga masu taimako. Magana ce ta alheri, ba wanda zai ce ba haka ba. Sai dai a can babu aji irin wannan, babu wanda ya san abin da allo ke nufi. Auta za ta sami mai ɗaukarta, ta rasa mai jin ta.

Uban da kansa ya kawo ta makaranta ranar da zai sanar. Mai shara tana ajin, ita ta ba ni labarin, kuma daga baya shi ma ya tabbatar mini. Malama ta karɓi allon, ta shafa gurbin da katin ya bari.

"Baban Auta, ɓera ne ya shiga gidanku?"

"Ni ne ɓeran, Malama." Ya gyara tsayuwa. "Mu da muna yara ba mu taɓa kallon babba mun ce masa a'a ba. A gaban baƙi fa ta yi wa mahaifiyata."

"Ba ku faɗa da baki ba. Amma kun noƙe kafaɗa, kun ɓata rai, kun sulale kun bar ɗakin. Ita da wanne za ta yi?"

Ya kawar da kai. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: ƙarshen mako Kaka za ta tafi da ita. Ya ƙara da cewa, don kada a ga kamar tilas aka yi mata, sun tambaye ta, ta kuma nuna "eh".

"Da wane allon?" in ji Malama.

Mai shara ta ce ba ta taɓa ganin ƙaton mutum ya ƙanƙance a tsaye irin na ranar ba.

Malama ta jawo jan kwali, almakashin wuyanta ya yi aikinsa, ta liƙa sabon kati a gurbin tsohon. Ta tura masa kujerar yara. Ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Zauna a kan hannuwanka."

"Malama, ni fa ba ɗalibinki ba ne."

"Yau dai kai ne. Ni ba zan tambaye ta ba, kada a ce ni na kitsa mata. 'Yarka ce, kai ka tambaye ta. In ta ce za ta je, ni da kaina zan haɗa mata kayanta." Ta tafi bakin taga ta juya musu baya.

Ya tambaya. Hannun Auta ya tashi, ya karkace, ya wuce allon, ya dawo. Uban ya motsa zai taimaka, ya tuna a kan me yake zaune. Hannun ya sake tashi, ya sauka a kan ja.

"Auta, Kaka tana son ki fa."

Eh.

"To, za ki bi ta?"

A'a.

Ya buɗe baki zai kawo mata dalili, sai ya ga hannun bai gama ba. Ya tafi kan hoton Mama. Daga nan ya ja jiki zuwa ciwo. Ashe duk nishin da uwar ke yi a kan matakala yarinyar tana ji, tana kuma sane da abin da ya sa ake son a tafi da ita. Hannun ya huta, ya sake tashi: Baba. Sannan hoton da ake nunawa idan ana son a ɗaga mutum daga keke.

Baba ya ɗauka.

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya zaro hannuwansa ba tare da an ba shi izini ba ya rufe fuska.

Ba a rana ɗaya aka warware ba. Kaka ta yi fushin da ya ɗauki watanni. Uban ya bar doguwar hanya ya koma jan ƙaramar mota a cikin gari, abin da ya rage masa samu, ya kuma hana shi yawon da yake so. Amma kowace safiya maƙwabta na ganinsa yana saukowa daga bene da Auta a ƙirji. Malama kuma ba ta bar shi ya wuce gona da iri ba. Da ya zo yana ƙorafin yarinya ta ce a'a ga magani, cewa ta yi, "Magani dole ta sha. Ban ce duk a'arta a bi ba. A ji ta, a ce mata an ji, a gaya mata dalili. Kai ma ai haka kake so a yi maka."

Daga baya aka kawo wa ajin na'urori masu magana, irin waɗanda idan yaro ya taɓa hoto murya ke fita. Muryar da suka zo da ita ta wani ƙaton namiji ce mai kama da mai karanta labarai. Malama ta ce ba za ta bar yarinya ƙarama ta nemi banɗaki da muryar kakanta ba. Ta bi sauran azuzuwa tana neman aron murya, kowane yaro a samo masa tsaransa. Wadda ta ara wa Auta sai da ta maimaita "a'a" har ta gaji, Malama na cewa, "Ba haka ba, wannan ta ladabi ce. Ki faɗa kamar an aike ki ana tsakiyar wasa."

Malama, ke ce kika zauna a kan hannuwanki shekara da shekaru don hannun wani ya sami hanya. Ke ce kika ga mutum a inda mu muke ganin jinya. Mai jiran da ba ya gajiya, ba ki ba yaran nan magana ba, da ma suna da abarsu; ƙofa kika yanka mata da ɗan almakashi. Mu masu baki mun cika duniya da surutu, amma a ɗakinki na fara sanin cewa saurare ma aiki ne, yana kuma sa gumi.

Ranar bankwana an taru a ajin, iyaye a kan kujerun yara. Baban Auta ya miƙe zai yi godiya. Ya faro tun daga ranar da aka haifi yarinyar, ya bi ta kan reza da jan kati, ya koma baya ya ɗauko abin da ya manta. Ana cikin haka wata siririyar murya mai tsiwa ta fito daga keken da ke gefensa: "Ya isa." Aji ya kwashe da dariya, Malama na share ido da bakin mayafi. Uban ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe," ya zauna.

Mun gode, Malama. Allah ya huta gajiya, ya sa abin da kika shuka ya bi ki da alheri. Ku kuma matasan malamai, ga hanya an share muku. Ba ta buƙatar komai sai kwali, da leda, da zuciyar da za ta iya yin shiru har yaro ya ƙarasa. Mu iyaye da kawunnai, mu koyi tambaya, mu koyi zama a kan hannuwanmu.

Almakashin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ajin, ta bar wa wanda zai gaje ta. Har yau ba wanda ya nemi gurbin. Tun da ta tafi ajin a kulle yake, Auta tana gida.